Jamhuriya ta Uku: Daga Canji Zuwa Wasoso

Ranar Asabar 27 ga Janairu 1996, cikin makon farko na azumi, bindiga ta yi kuka a Yamai. Kafin gari ya waye, Shugaban ƙasa Mahaman Usman da Faraminista Hama Amadu da shugaban Majalisar dokoki Mahamadu Isufu duk suna hannun soja, Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara kuma ya riga ya sanar da jingine tsarin mulki da dakatar da jam'iyyu. Wannan kowa ya san shi. Abin da ƴan siyasar ƙasar ba su cika son a tuna masu ba shi ne abin da ya biyo baya: kasuwa ta ci, ofisoshi sun buɗe ranar Litinin, ba a ga taron jama'ar da ya tare titi yana neman a mayar masa da shugaban da ya zaɓa ba. A wasu wuraren ma murna aka yi.

To amma shekara huɗu kacal kafin wannan rana, a ƙarshen Fabrairu 1992, da ƙananan sojoji suka yi bore suka kama gidan rediyo, har suka tsare Farfesa Andre Salifu, ai ma'aikatan nan ne suka rufe ƙasa da yajin aiki domin kare gwamnatin riƙon ƙwarya, ga shi kuwa ita ma gwamnatin Amadu Shefu tana riƙe masu albashi. Kafin nan, ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai uku sun bar ransu a gadar Kennedy. Mata sun cika titin Yamai ranar 13 ga Mayu 1991 suna neman a ba su wurin zama a Babban Taron Ƙasa. Mutanen da suka yi wannan duka ba tsoron kaki ne ya zaunar da su gida a 1996 ba. Sun duba ne suka rasa abin da za su fito su kare. Yadda aka yi wata 33 na mulkin farar hula suka cinye wannan jari na yarda, shi ne abin da ya kamata a tsaya a bincika, domin har yau kowane ɓangare labarinsa yake bayarwa, kuma a kowane labari mai bayarwar shi ne wanda aka zalunta.

Sai an koma zaɓen 1993. A zaɓen Majalisa na 14 ga Fabrairu, MNSD-Nassara, tsohuwar jam'iyyar gwamnati, ta zo ta farko da kujera 29 cikin 83. CDS-Rahama ta samu 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11. Da waɗannan uku suka ga ba wadda za ta iya kayar da Nassara ita kaɗai, sai suka ƙulla ƙawancen AFC tare da wasu ƙananan jam'iyyu, ƙawancen da talaka ya raɗa wa suna Canji, suka haɗa kujera 50. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa Tanja Mamadu ne a gaba da kashi 34 cikin ɗari, Mahaman Usman na biye da kusan 27, Isufu da Mumuni Adamu Jarmakoy kowane na da 15 da ɗoriya. Ranar 27 ga Maris aka haɗa wa Usman ƙuri'u, ya ci da kashi 54. Ya yi rantsuwa ranar 16 ga Afrilu yana ɗan shekara 43, ba soja ba, ba ɗan tsohuwar gwamnati ba, magoya bayansa na kiransa Nafarko. Tanja ya karɓi kaye. A Afirka ta wancan lokaci wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya cancanci a rubuta masa shi.

Me ya haɗa ƴan Canji? Usman masanin ƙididdiga da tattalin arziki ne, ƙarfinsa na Damagaram da wani yanki na Maraɗi, bayansa akwai ƴan boko da ƴan kasuwar gabas da suka daɗe suna ganin an mai da su saniyar ware. Isufu injiniyan ma'adinai ne da ya yi aiki a Arlit, jam'iyyarsa ta malaman makaranta da ƴan sandika ce masu ra'ayin gurguzu, ƙarfinta na Tawa. Jarmakoy kuwa tsohon kanar ne na zamanin Seyni Kunce, ɗan gidan sarautar Dosso, wanda bai bar Nassara ba sai da Tanja ya kayar da shi a neman shugabancinta a 1991. In an ce a kawo takarda guda da ta nuna abin da mutanen nan uku suka yarda za su yi wa makaranta, ko haraji, ko farashin hatsi, za a daɗe ana nema. Wadda kowa ya sani ita ce yarjejeniyar rabo: wanda ya kai zagaye na biyu ya ɗauki fadar shugaban ƙasa, na biye ya ɗauki faraminista, na uku ya ɗauki Majalisa. Haka kuwa aka yi, ba a kauce ko taƙi ba.

Da rabon ya tsaya a kujeru uku, da da sauƙi. Sai ya gangara. Ministoci, perefe da superefe, jakadu, daraktocin kamfanonin gwamnati, shugabannin duwan, har ƙananan muƙaman da a da ilimi da daɗewa a aiki ke bayarwa, duk aka shiga auna su da mudun jam'iyya. Mutanen gari, waɗanda ba su karanta tsarin mulki ba amma idonsu biyu, suka samo wa abin suna daga wasan yara: wasoso. An watsa, mai hannu ya dama. Ma'aikacin da ya yi shekara ashirin yana koyon aikinsa ya wayi gari an ɗora masa wanda bai san ƙofar ofis ba, don kawai ya yi yawon kamfe. Wanda ake zargin ɗan Nassara ne aka tura shi zaman jiran aiki, yana cin albashi (in an biya) ba ya tsinana komai. Nassara ta yi kukan an ware ta, ta kira mabiyanta su yi wa gwamnati tawaye na ƙin bin umurni, har aka kama Tanja da ɗimbin magoya bayansa a Afrilu 1994. Kukan nata na da gaskiya a ciki. Sai dai ranar da ta samu dama, da mudun nan dai ta auna.

Adalci ya sa a faɗi cewa baitulmalin da ƴan Canji suka tarar wayam yake. Kuɗin uranium da suka gina manyan benayen Yamai a ƙarshen shekarun 1970 sun janye tun farkon shekarun 1980. Bankin BDRN ya durƙushe a 1990 ƙarƙashin basussukan da manya suka ci suka ƙi biya, kuma a cikin manyan nan akwai masu kaki, akwai masu alƙalami, akwai masu rawani da carbi na kasuwa. Mai karatu ɗan kasuwa ya san haka, ko da ba zai so a tsawaita ba. Talauci ya kai gwamnatin riƙon ƙwarya ga ƙulla zumunci da Taiwan a 1992 don ta samu abin biyan albashi. Arewa na cikin tawaye. Sannan a Janairu 1994, a Dakar, aka karya darajar sefa da rabi: tamma guda ta Faransa da ake saye sefa 50 ta koma 100. Ba Usman ya yanke wannan ba, ba Isufu ba. Faransa da FMI ne suka yanke wa ƙasashe 14 gaba ɗaya.

Amma karyewar sefa jarrabawa ce, kuma a nan ne aka ga inda hankalin masu mulki yake. Magani, taki, kayan gyaran mota, littafin makaranta, shinkafar waje, duk abin da ke shigowa da kuɗin ƙetare ya tashi. Alhajin Maraɗi da ke sayo kaya daga Turai ta Kwatano ya tura su Najeriya ya ga jarinsa ya rabu biyu cikin dare ɗaya. A ɗaya gefen kuma ƙofa ta buɗe: shanu da tumaki da wake da albasar Galmi sun yi arha ga mai saye daga waje, abin da gwamnati mai shiri za ta kama da hannu biyu, ta gyara hanya, ta rage shingayen da ake tatsar direba, ta zauna da ƴan kasuwa a san yadda kuɗin za su dawo gida. Shi kuwa ma'aikaci, wanda ke bin bashin albashin watanni, ya ga ɗan abin da ake ba shi ya zama rabi a gaban mai awo. USTN ta nemi ƙari, gwamnati ta miƙa abin da bai taka kara ya karya ba, aka shiga yajin aiki na makonni a 1994, makarantu suka yi ta rufewa. Abin takaici, rabin waɗanda ke cikin gwamnati jiya-jiya suke riƙe da tutar sandika. Da suka hau mota mai tuta, sai harshen da suke yi da tsoffin abokansu ya zama na wanda ya ci bashi yana ɓuya.

Duk wannan bai fasa ƙawancen ba. Ba a kan albashi ya fashe ba, ba a kan sharuɗɗan FMI ba. A Satumba 1994 Shugaba Usman ya sa hannu kan wata doka da ta janye wasu ikoki daga ofishin faraminista ta mai da su fadarsa. Ranar 28 ga watan Isufu ya ajiye aiki, Tarayya ta fice daga Canji, ta je ta kama hannun Nassara, jam'iyyar da shekara uku kafin nan ta tsaya a zauren Babban Taron Ƙasa tana karanta mata laifuffuka. Usman ya naɗa Sule Abdulai na Rahama. Majalisa ta kayar da shi ranar 16 ga Oktoba. Washegari Usman ya rusa Majalisa. Ƙasar da ba ta iya biyan malamin makaranta ta nemo kuɗin sabon zaɓe.

Sakamakon 12 ga Janairu 1995 ya isa ya kunyata kowa. Nassara ta koma da kujerunta 29, ba ƙari ba ragi. Tarayya ta tashi daga 13 zuwa 12. Wato mai ƙuri'a yana nan inda yake, shugabanni ne suka sauya wurin zama, sai ga sabon rinjaye na 43 a kan 40. Da Usman ya karanta wannan lissafi da idon masanin ƙididdiga, da ya gane cewa jama'a ba ta ba shi abin da ya roƙa ba, ya haƙura. Masu rinjaye suka kawo masa suna guda, Hama Amadu. Ya tsallake shi, ya ɗauko Amadu Bubakar Sise, ɗan Nassara ma'aikacin Bankin Duniya, da fatan zai tsaga jam'iyyar. Nassara ta kori Sise, Majalisa ta kayar da shi ranar 20 ga Fabrairu tun bai gama sanin ofis ba, ranar 21 Usman ya naɗa Hama ɗin da ya ƙi. Isufu kuma ya hau kujerar Majalisa. Faraminista huɗu cikin wata biyar.

Daga nan aka shiga zaman ƴan marina. Tsarin mulkin da aka amince da shi ranar 26 ga Disamba 1992 an ɗinka shi ne a kan na Faransa: shugaban ƙasa ke jagorantar taron ministoci, shi ke sa hannu kan naɗe-naɗe, amma gwamnati ce ke tsara siyasar ƙasa, kuma Majalisa ce ke iya kayar da ita. A Faransa an yi irin wannan zama tsakanin Mitterrand da Chirac daga 1986 zuwa 1988, an yi ta cizon haƙora amma ba a daina aiki ba. A Yamai kowane ɓangare ya ɗauki ayar da ta yi masa daɗi ya rufe sauran littafin. Tun Afrilu 1995 Usman ya fara ƙin zaman taron ministoci, domin ya san abin da ke cikin jakar Hama: jerin sunayen ƴan Rahama da za a sauke da na waɗanda za a ɗora. A Yuli Hama ya sauya shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yardar shugaban ƙasa ba, daga baya ma ya nemi ya jagoranci taron ministoci da kansa. Aka yi ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kowa ya fito ya ce shi ta ba gaskiya. Wani ofishin sai ka tarar da darakta biyu, na jiya ya ƙi miƙa mabuɗi, na yau ya zo da ƴan sanda.

A wannan bazara ta 1995 ne sanƙarau ya kama dubun-dubatar mutane a ƙasar, ya kashe dubbai, akasarinsu yara. Duk wanda ya tuna layin da ake yi a ƙofar likita a watannin nan, ya kuma tuna abin da rediyo ke karantawa da dare na sanarwa da martanin sanarwa tsakanin fadar shugaban ƙasa da ofishin faraminista, ba ya buƙatar wani ya fassara masa shirun 28 ga Janairu 1996.

Masu cewa laifin takarda ne, wai tsarin mulkin ne bai fayyace ba, suna da ƴar gaskiya, kuma an gyara wannan daga baya: tsarin 1999 ya ce masu rinjaye su kawo suna uku shugaban ƙasa ya zaɓi ɗaya, da haka ne ma Tanja ya ɗauki Seyni Umaru a 2007. Amma akwai shaida guda da ke karya wannan uzuri. Ranar 24 ga Afrilu 1995, a tsakiyar rigimar, aka sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar sulhu da ƴan tawayen arewa na ORA ƙarƙashin Risa Ag Bula, bayan shiga tsakanin Aljeriya da Burkina Faso da Faransa. An fara aikin tun zamanin Canji, da yarjejeniyar Wagadugu ta Oktoba 1994, aka kammala shi zamanin Hama. Shugaban nan ne, faraministan nan ne, takardar nan ce. Inda babu kujerar rabawa, tsarin mulkin bai hana su aiki ba. Wannan sulhu, wanda aka mai da ranarsa ranar hutu ta haɗin kan ƙasa, shi ne abu mafi daraja da Jamhuriya ta Uku ta bari, kuma shi ne ke tona asirin sauran.

In za a raba laifi, ba daidai zai rabu ba. Kaso mafi girma na Mahaman Usman ne, domin shi aka rantsar a kan kare tsarin mulki, shi ya kori abokin da ya ɗora shi, shi ya kira zaɓe ya faɗi ya ƙi yarda ya faɗi. Hama Amadu, wanda ya fi su duka sanin cikin gwamnati tun yana daraktan fadar Kunce da ta Ali Saibu, ya fara tattara haraji da neman daidaitawa da masu ba da bashi, abin da ko abokan gabansa ba su musa ba. Amma ya ɗauki shugaban ƙasa kamar wani akawu mai buga hatimi, ya zaɓi ya wulaƙanta shi a inda lallashi zai biya. Isufu ya nuna wa ƙasa cewa jam'iyya mai kujera 12 na iya zama mai naɗa sarki in ta iya sauya sheƙa, darasin da aka yi ta maimaitawa bayansa har ya zama al'ada. Akwai kuma kason da ba a cika faɗi ba, na masu kuɗin da suka zuba jari a kamfe suna jiran a biya su da kwangila da yafe kuɗin duwan, da na manyan ma'aikatan da suka yi ta zarya gidajen shugabannin jam'iyyu da dare da takardunsu a hammata. Wasoso ba ya yiwuwa sai da masu wawa.

Wannan duka bai wanke Ba'are ba, kuma kada wani ya karanta shi haka. A Janairu 1996 wa'adin wata 12 da ke hana sake rusa Majalisa ya cika; ana maganar Usman zai rusa ta, ana maganar masu rinjaye za su nemi tsige shi. Ko wanne aka yi, hanya ce da doka ta tanada, kuma a ƙarshenta mai ƙuri'a ne zai yi magana. Ba'are, wanda ya yi aiki a fadar Usman kafin a ba shi shugabancin rundunar soja a 1995 zamanin Hama, ya san su ciki da waje, ya riga su. Ya ce ya zo gyara ne ya koma bariki. Aka kawo shugabannin uku gaban talabijin a Fabrairu suka amince cewa rikicinsu ne ya jawo abin da ya faru. Aka yi sabon tsarin mulki ranar 12 ga Mayu mai tara iko a hannun mutum ɗaya, mai gyara ya tsaya takara, kuma a zaɓen 7 da 8 ga Yuli, ana cikin ƙidaya, ya rusa hukumar zaɓe mai zaman kanta, ya kafa tasa, ya tsare abokan takararsa a gidajensu, aka ba shi kashi 52. Bashin albashi bai ƙare ba, yajin aiki bai ƙare ba, sai ma boren soja da ya ƙaru. Ranar Juma'a 9 ga Afrilu 1999 masu tsaronsa suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai, Dauda Malam Wanke ya hau.

Su kuwa mutanen da suka kasa zama ɗaki guda na awa biyu don taron ministoci, kafin 1996 ta ƙare sun haɗu cikin ƙungiyar FRDD, Usman da Tanja da Isufu da Hama, suna hawa dandali ɗaya, ana kama su tare. Da mulki ya dawo a ƙarshen 1999, Tanja ya zama shugaban ƙasa da goyon bayan Rahama, Hama ya koma faraminista har 2007, Usman ya riƙe Majalisa shekara goma, suka yi aiki tare ba wanda ya ƙi sa wa wani hannu. Jarmakoy ya rasu a Yuni 2009 wurin zanga-zangar ƙin tazarcen Tanja. Isufu ya yi shugabanci daga 2011 zuwa 2021, Hama ya taimaka masa ya hau, ya riƙe masa Majalisa, suka ɓata, ya sha kurkuku da gudun hijira. A zagaye na biyu na Fabrairu 2021, waɗanda suka kara su ne Mahaman Usman da Muhammad Bazum, wanda shi ne ministan harkokin waje a gwamnatin Hama ta 1995. Soja suka sauke Tanja a 2010, suka sauke Bazum ranar 26 ga Yuli 2023. Tanja ya rasu a 2020, Hama a 2024. A Maris 2025 hukumomin soja suka rusa jam'iyyun siyasar ƙasar gaba ɗaya, har da Nassara da Rahama da Tarayya da Zaman Lahiya.